Turke a Sikelin Shanshera

Shekara tara Hashimu bai sa zare ba. A cikin shekarun nan ya haifi 'ya'ya uku, ya gaji teburin naman mahaifinsa a kasuwar Talata Mafara, ya kuma ajiye irin tumbin nan da in abu ya faɗi ƙasa sai mutum ya yi shawara da kansa ko abin ya kai a duƙa masa. Duk da haka ba inda ake kiransa Hashimu sai a katin zaɓe. Kowa Turke ya sani, Turken Faru.

Sunan a fagen dambe ya samo shi. A dambe, da zarar gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa an kashe ka ke nan, ko da kana dariya. Hashimu ya shekara goma sha huɗu yana zagaya fagage daga Faru zuwa Kaya zuwa Dosara, har Bakura da gaba, ba a taɓa kashe shi ba. Gaskiya shi ma bai cika kisa ba. Yakan kafa ƙafar baya ne ya jingina nauyinsa a kanta, ya miƙa hannun tsaro, ya bar abokin karawa ya yi ta dukan kafaɗa har ya gaji. 'Yan kallo na cewa kallon dambensa kamar kallon mutum ne yana tura katanga. Amma katangar ba ta faɗi ba, kuma saboda haka ne Labaran makaɗi ya yi masa take. In ya matse kalangu a hammata, ko kurma ya san abin da fatar ke faɗi: Turke, Turke, gwiwa ba ta san ƙasa ba.

Bai taɓa cewa ya bar dambe ba. Mahaifinsa ne ya kwanta ciwo wata kaka, sai ya ce baɗi. Baɗi ta zo hanyoyin ƙauye sun lalace, ba mai kiran wasa, ya sake cewa baɗi. Haka baɗi ta yi ta zuwa tana samunsa a bayan tebur yana ɗanɗana tsire don ya ji ko yaji ya kama.

Abin da ya rage masa shi ne ranar Talata. Duk ranar kasuwa Labaran kan biyo ta layin mahauta wajen hantsi, ya tsaya ya kaɗa taken. Hashimu ya ɗan tsuma, tumbin ya riga sauran jiki, mahauta su yi sowa, shi kuma ya yanko hanta ya ƙunshe wa tsohon. Minti biyu ne a mako. Da za a tambaye shi sai ya ce ba komai ba ne, wasa ne irin na tsofaffi.

Wata Talata da bazara Labaran ya zo kalangu na rataye a bayansa. Suka gaisa, aka tambayi gida da iyali da zafi da kasuwa da ƙafar Labaran mai ciwo, aka koma aka sake tambayar gida. Sannan tsohon ya zauna a bakin benci.

"Turke, wani yaro ya zo wurina. Nagode, ɗan Dosara. Ka san shi?"

"Na san ubanshi. Ya taɓa sayar min da akuya mai tari."

"To ɗan ba ya tari. Dambe goma sha ɗaya ya yi bana, ba a kai shi ƙasa ba. Takenka shika so."

Hashimu ya ci gaba da wasa wuƙa. "Ka yi mishi nashi mana, Baba."

"Na yi mishi har biyu, ya ce ba su ratsa shi. Kuma hannuna ya tsufa, sabon kiɗa ba ya zo min kamar da." Labaran ya kori ƙuda daga gwiwarsa. "Wanga kiɗa don fage na yi shi. Shekara tara ina kaɗa shi gaban teburin nama, har ƙudajen layin ga sun haddace shi."

"To mi kake so a yi?"

"Nan da mako bakwai akwai wasa a nan Mafara. Ka shiga ka sa zare da shi. In ka kai turmi uku a tsaye, take naka ne har ranar da za a ɗauke ka. In ba ka shiga ba, ranar zan kaɗa mishi a gaban jama'a."

"In na shiga na faɗi fa?"

"Ai kalangu ba ya ƙarya. In gwiwa ta san ƙasa, maganar ta ƙare."

Hashimu ya yanko hanta kamar kullum, ko da yake ba a kaɗa komai ba, Labaran kuma ya karɓa kamar kullum.

Sai da ya je rubuta suna ya gano dambe ya canza bai gaya masa ba. Masu shirya wasan wasu samari ne da ke ɗaukar bidiyo suna sa wa duniya a waya, kuma sun zo da sikeli. A zamaninsa ba a auna ɗan dambe. Ka dubi mutum, ka ga za ka iya da shi, ka je ka miƙa masa hannu a fuska, shi ke nan. Yanzu an kasa mutane aji-aji kamar ƙwai. Nagode yana ajin kilo tamanin zuwa ƙasa, duk mai son karawa da shi sai ya sauko can. Yaron da ke rubuta suna ya dubi Hashimu daga wuya zuwa ƙugu, ya ce cikin ladabi, "Baba, ranar jajibiri ake awo. Allah ya ba da iko."

A gida, matarsa Baturiya tana tankaɗe ya gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Baban Bushra, wanga cikin da shi za ka fagen, ko za ka bar min shi ajiya?"

"Sauke shi zan yi."

"Shekara tara ina gina shi."

"Ke ba ki san mi take yake ba."

"Na sani mana. Gwiwa ba ta san ƙasa ba. Ni kuwa da asuba nakan ji ta tana ƙara in ka tahi sujada." Ta buga rariya a tafin hannu. "Ka yi abin da ka ga dama. Tuwo dai ba zan rage kwaɓi ba, yara na ci."

Matsalar farko ita ce inda zai auna kansa. Akwai sikelin hawa a kemis ɗin bakin tasha, amma nan rabin garin ke zaman hira, kuma Hashimu ya gwammace a kashe shi a fage da a karanta nauyinsa da ƙarfi gaban 'yan acaɓa. Sai ya tuna da Muttaka, abokinsa tun na yarinta, wanda ke sayen shinkafa shanshera a Bakura yana kai wa masu injin casa. Muttaka yana da babban sikelin rataye a bayan sito, mai ƙugiya da fuska kamar agogon bango, inda ba kowa ke shiga ba.

Ranar Alhamis ya hau babur ya tafi. Muttaka ya gama dariyarsa tsaf, ya share hawaye, sannan ya samo buhu mai ƙwari ya ɗaure bakinsa biyu a ƙugiya kamar majanyi. Hashimu ya shiga ya zauna ya naɗe ƙafafu. Itacen da sikelin ke rataye a kai ya yi ƙara. Turken Faru ya yi ta juyawa a hankali cikin iska, yana kallon bango, yana kallon ƙofa, yana kallon bango.

"Casa'in da huɗu," in ji Muttaka. "Mutumina, da shanshera ce kai da na yi riba."

Sha huɗu ke nan za a zubar cikin mako bakwai. Hashimu mahauci ne, ya san inda kitse ke zama a jikin dabba, ya kuma san ba ya fita da lallashi. Ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar ɗanɗanon tsire, har masu saye suka fara ƙorafin yaji ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Abincinsa ya koma dafaffen zogale ba ƙuli, da ruwan tsamiya. Bayan sallar asuba yakan sa rigar ruwa ta leda ya bi bakin kwatar ban-ruwa da gudu, ko dai abin da shi yake kira gudu, manoman rani suna ɗaga masa hannu suna tambayar ko an biyo shi ne. Da yamma ya rataye buhun yashi a bishiyar darbejiyar gidansa ya yi ta duka. Buhun bai taɓa ramawa ba, wannan ya ƙara masa ƙwarin gwiwa sosai.

Duk Alhamis ya je Bakura ya shiga buhu. Casa'in da ɗaya. Tamanin da takwas. Tamanin da bakwai, makon da aka yi suna a maƙwabta. Wandunansa suka fara neman igiya. Fatar wuyansa ta saki, idanunsa suka shige ciki, mutane suka fara yi masa irin gaisuwar nan mai tsawo da ake wa wanda ake zaton yana ɓoye ciwo. Wata tsohuwa mai sayen ƙashi ta kawo masa saiwa a ƙunshe ta ce ya jiƙa, ta yi wa ƙaninta amfani kafin ya rasu.

Akwai abin da ya lura da shi bai gaya wa kowa ba. In ya ɗaga cinyar sa zai rataye, sai ya nemi taimako. Da can da hannu ɗaya yake yi yana waya da ɗayan. Ya ce wa kansa nauyi ne ke fita, ƙarfi na nan a ƙashi. Duk namijin da ya haura arba'in yana da irin wannan bayani a ajiye.

Alhamis ta ƙarshe allura ta tsaya cak a kan tamanin. Muttaka ya kaɗa fuskar sikelin da yatsa, ba ta motsa ba. Suka tafa. Hashimu ya koma Mafara iska na kaɗa rigarsa kamar tuta.

Ranar Asabar da hantsi aka yi awo a filin wasan, ƙarƙashin rumfa, gaban duk wanda ba shi da aikin yi, wato mutane da yawa. Muttaka ya zo rakiya, har da wasu manoman Bakura da suka shigo mota ɗaya da shi don su ga Turke. Nagode ya fara hawa, dogo, baƙi, cikinsa kamar allon wanki. Saba'in da tara. Ya sauko ya zo ya rusuna wa Hashimu.

"Kawu, ina kwana. Babana ya ce in gaishe ka."

"Ina amsawa. Ya akuyoyi?"

Hashimu ya tuɓe riga ya hau. Sikelin ɗan ƙarami ne mai lambobi masu haske. Lambobin suka yi rawa suka tsaya. Mai awo ya duƙa ya duba, ya ce ya sauka ya sake hawa. Ya sake.

"Tamanin da uku da ɗigo biyu."

"Sikelinku ya lalace," in ji Hashimu. "Shekaranjiya na auna, tamanin cif. Ga mai sikelin nan. Muttaka, gaya musu."

Muttaka ya dubi manoman da ke sayar masa da shinkafa, waɗanda su ma yanzu shi suke kallo da sha'awa. Ya gyara hula. Ya ce lallai kam abin da mamaki, amma zafi kan kumbura mutum. Sannan ya ja hannun Hashimu zuwa bayan rumfa.

"Wallahi mantawa na yi," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ka san shanshera ba a sayenta yadda ta zo. Akwai buhu, akwai ƙaiƙayi, akwai tsakuwa, wata da danshi. Kowa na cirewa. Ni don kar a riƙa gardama kullum, sai na maida allurar baya da kilo uku tun bara waccan. Na saba da ita har na ɗauka haka aka ƙero ta."

Hashimu ya dube shi. "To ni ƙaiƙayi gare ni?"

"Ka rufa min asiri, mutanen ga na ji."

Masu wasan suka ce doka ta ba shi zuwa gobe da hantsi ya sake hawa. Wasa kuma gobe da la'asar.

Kilo uku a yini ɗaya ba kitse ba ne, wannan Hashimu ya sani. Ya yi shekaru yana shanya kilishi, ya san tire guda na ɗanyen nama in ya sha rana ya sha wuta sai ya koma abin da za a naɗe a takarda. Ruwa ne ke tafiya. Mutum ma nama ne. Tunanin ya zo masa a tsare, ba ko gargada, har ya ji daɗin kansa.

Ya koma layin mahauta ya hura tukuba da tsakar rana, ya zuba mata itacen kirya. Ya sa rigar leda, ya ɗora rigar sanyi, ya ɗora bargo, ya zauna dab da wuta inda ake jera tsire. Maƙwabcinsa na tebur ya leƙo ya tambaya ko a barbaɗa masa yaji yanzu ne ko sai an juya shi. Gumi ya yi ta bin ƙafarsa yana taruwa a takalmi. Bai sha ruwa ba. In yawu ya taru sai ya tofar, don wani ya ce masa shi ma yana da nauyi. Da la'asar ya sha jiƙon ganyen filasko mai wanke ciki kofi guda, wanda ya tafiyar da sauran yinin yadda filasko ya saba. Alwala ma a tsorace ya kurkure baki.

Da magariba Baturiya ta ajiye masa kofin ruwan randa a gefen tabarma, ta zauna nesa kaɗan.

"Ɗauke," ya ce. Muryar ta fito kamar ana jan buhu a siminti.

"Ba zan ɗauke ba, ba kuma zan ce ka sha ba." Ta gyara zama. "Kiɗa ne fa, Baban Bushra. Fatar akuya ce da sanda."

"Na sani."

"To."

Kofin ya kwana a wurin cike.

Da safe ya sake zaman tukuba awa biyu, gumin ma ya ƙi fitowa sosai. Da hantsi ya hau sikeli da ɗan gajeren wando, mai awo ya ce saba'in da tara da ɗigo tara. Aka tafa masa. Da zai sauko daga sikelin, wanda tsayinsa bai kai tafin hannu ba, sai da ya dafa kafaɗar Muttaka.

Saura awa shida. Ya sha ruwa, cikin ya dawo da shi. Ya sha kunu a hankali, rabi ya zauna. Baturiya ta dama fura mai kyau, ya kai ludayi uku ya ji kamar ya haɗiyi dutse. Ashe jiki ba tulu ba ne da za a juye a sake cikawa, amma wannan ilimin ya zo a makare.

Da la'asar fili ya cika. An zuba yashi, an kewaye da igiya, samari na yawo da kyamara. Hashimu ya fito da tsohon zarensa daga cikin jakar fata, wanda ya ajiye shekara tara. Muttaka ya naɗa masa ƙyalle a dunƙulen hannun dama, ya bi da zaren yana ja yana zagayawa. Da can zaren a daidai wuyan hannu yake ƙarewa, a ƙulle. Yau an zo wuyan hannu saura zagaye biyu. Su biyu suka dubi ragowar. Muttaka ya ƙara zagayawa ya cusa bakin.

Labaran na gefen fage da yaransa. Da aka kira Turken Faru ya matse kalangu, taken ya tashi a fili na gaske karo na farko cikin shekara tara, ba ƙuda ba ƙarar sara. Tsofaffin da ke wurin suka miƙe. Hashimu ya ji tsikar jikinsa ta tashi tun daga dunduniya, ya ce a ransa ko don wannan ma an ci riba. Sai dai kiɗan yana zo masa daga nesa, kamar ana yi a unguwar gaba.

Turmin farko Nagode ya yi ladabi. Ya yi ta zagaya shi yana auna shi da hannun tsaro, ya kai duka biyu marasa nauyi. Hashimu ya kafa ƙafar baya yadda ya saba. Idonsa bai tsufa ba, yana ganin duka tun daga kafaɗar yaron kafin ya taso. Kai ya ba da umarni a kauce, jiki ya karɓi takarda ya ce a dawo gobe. Duka na biyu ya same shi a kunne. Alƙali ya raba, turmi ɗaya ya wuce.

A turmi na biyu ladabin ya ragu. Nagode ya kawo wani duka daga sama ya sauka a kafaɗar hagu, irin wanda Hashimu ya sha ɗari-ɗari a zamaninsa yana murmushi. Ya jingina baya don nauyinsa ya shanye, sai ya tarar ba kowa a wurin. Kilo goma sha bakwai da ya saba jingina da su suna bakin kwata da gindin tukuba. Ya yi taku biyu da baya. Fili ya yi wani irin guna-guni, don ba wanda ya taɓa ganin tafin ƙafar Turke a fage. Nagode ma ya tsaya yana mamaki, wannan mamakin ne ya kai Hashimu ƙarshen turmin.

Muttaka ya zuba masa ruwa a ka. "Saura ɗaya. Kar ka yi komai. Tsaya kawai, abin da ka iya ke nan."

Shawara ce mai kyau, kuma Hashimu ya yi niyyar bi. Ya tsaya. Harshensa ya manne a dasashi, ƙwaurinsa na dama yana ɗan motsi shi kaɗai kamar akwai kifi a ciki. Nagode ya kai duka ya tare, ya sake kaiwa ya tare. Rabin turmi ya tafi. Labaran ya ga mutuminsa zai kai, sai murna ta kama shi, ya ƙara wa kalangu wuta. Turke, Turke. Jama'a suka ɗauka da baki. A daidai nan Nagode ya sauke hannun tsaro kaɗan, haɓarsa ta fito fili, fes, kamar an ajiye a faranti.

A shekara goma sha huɗu na dambensa Hashimu ya bar irin wannan haɓar ta wuce ba adadi. Yau, da kiɗa a kunnensa da kyamara a kansa, ya ga bai kamata ba. Ya tattara abin da ya rage ya kai duka. Ƙwaurin ya ɗaure tamau a tsakiyar tafiya. Nagode ya ɗan karkata kai, hannun ya wuce, Hashimu ya bi hannunsa. Ba faɗuwar kirki ba ce. A hankali ya sauka, kamar mai neman abin da ya yar, gwiwar dama ta nutse a yashi. Yashin da ɗumi, ya lura, kuma da laushi.

Kalangu ya tsaya a tsakiyar magana. Alƙali ya ɗaga hannun Nagode, wanda ba dukansa ne ya kai Hashimu ƙasa ba. Yaron ya zare hannunsa ya zo ya kama Hashimu ta hammata.

"Sannu, Kawu."

"Kar ka ɗaga ni tukuna. Ƙafar ba ta gama ba."

Leda biyu ta ruwa aka ƙara masa a wani ɗan asibiti kafin fitsari ya dawo, kuma da ya dawo kalar shayi ne. Ma'aikaciyar asibitin ta tambaye shi wa ya ba shi wannan dabara, ya ce sana'a ce. Kafin ya koma gida bidiyon ya riga shi. Bushra ta ce an sa shi a hankali, an kuma maimaita sau uku ta fuska daban-daban. Baturiya dai ta tuƙa tuwo ta sa masa malmala biyu. Muttaka ya aiko da rabin buhun shinkafa, an ce kuma manoman Bakura sun fara zuwa sito da nasu dutsen awo.

Talatar farko bai fita ba. Ta biyu ya fita, ya tsaya bayan tebur da wando mai igiya. Mahauta suka yi masa kirki, wato ba wanda ya ambaci komai sai sau huɗu ko biyar. Da hantsi ya yi ya ƙi duban bakin layi. Ya san yanzu kiɗan yana Dosara ko wani fagen, yana tsuma wani.

Sai ya ji shi. Turke, Turke. Labaran ne tafe yana ɗingishi, kalangu a hammata. Ya zo gaban tebur ya sake kaɗawa, Turke, Turke, ya tsaya daidai inda ya tsaya ranar wasa. Ya zauna a bakin benci. Aka gaisa, aka tambayi gida da jiki da zafi.

"Na ɗauka ka kai wa yaron," in ji Hashimu.

"Na kai. Ya ce ya gode, ba ya so."

"Don mi?"

"Ya ce taken da aka kashe mutum ana cikin kaɗa shi, shi ba zai shiga fage da shi ba. Ubanshi ma ya ce kar ya kuskura. Na tallata wa wasu biyu, kowa ya ga bidiyo." Labaran ya shafa fatar kalangun. "Naka ne, Turke. Ba mai raba ka da shi yanzu."

"Ba kai ka ce kalangu ba ya ƙarya ba?"

"Shi ya sa nake tsayawa a sunan. Sunan ai gaskiya ne."

Hashimu ya juya maganar a ransa, ya ga ba ta da wani gefe mai daɗi, ba kuma ta da inda za a kama a yi faɗa. Abin da ya fi ba shi haushi shi ne, da rabin kiɗan ya tashi ɗazu, jikinsa ya tsuma kamar kullum, bai jira sauran ba.

Ya jawo hanta ya yanka daidai yadda ya saba. Ya dube ta, ya sa wuƙa ya rage kusan rabi ya mayar tire, ya ƙunshe sauran ya miƙa.

Labaran ya auna ƙunshin a tafin hannu. "Yau ta rame."

"Mu duka," in ji Hashimu.

Tsohon ya jefa ƙunshin a aljihu, ya ce sai Talata.